Ana Iya Koyon Zanen Jiki Cikin Sati Biyu?

A hutun da ya wuce na ga wata takarda an liƙa ta a bangon wani shago kusa da tashar mota ta Wudil. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk mai son koyon ƙunshi da zanen fulawa da kwalliyar amare ta zo da kuɗinta, cikin sati biyu za a koya mata, a kuma ba ta takardar shaida. Irin wannan talla yanzu ta cika gari, har a waya ana yin ta. Tambayar da nake so 'yan'uwana ɗalibai su taya ni dubawa ita ce, anya sati biyu sun isa a ɗauki fatar ɗan Adam a danƙa wa mutum? Ni dai a ganina ba su isa ba. Kuma ba da ka nake magana ba, a gidanmu abin ya faru.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Kakana ya sha gaya mana cewa tun yana ɗan shekara bakwai ya fara ɗaukar wa mahaifinsa zabira. Ya yi shekaru ba abin da yake yi sai wanke ƙaho da wasa aska da kallo. Ranar da aka fara ba shi aska ma, bayan ƙwarya aka sa ya kankare, ba kan mutum ba. Sai da ya yi gemu kafin a yarda ya yi wa mace jarfa. Ga wanda bai sani ba, jarfa ita ce adon da akan yi da tsinin aska a fuska ko a wuya ko a hannu, a shafa baƙin tukunya a kai. Da yake baƙin yana shigewa ƙarƙashin fata, ba ya fita sai kabari. Kakata tana da ita a kumatu, har yau ana gani, ga ta kuwa ta tsufa tukuf. Na taɓa tambayarsa, na ce, "Baba Tsoho, me ya sa aka wahalar da ku haka?" Ya ce, "Ke yarinya, tela in ya yi kuskure sai ya warware. Ni fuskar wa zan warware?"

Yanzu jarfa ta ja baya, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga ko zanen da ba ya gogewa. Abin da ya gaje ta a wurinmu mata shi ne lalle. Wata za ta ce ai lalle ba aska ba ne, sati biyu ko uku ya goge. Haka ni ma nake tsammani.

Bara yayata ta gama sakandare, ba ta sami gurbin ƙaro ilmi ba. Inna ta ce zama ba nata ba ne, ta sa aka kai tunkiyarta kasuwar Juma'a aka sayar, aka biya mata kuɗin irin wannan kwas a Kano. Gaskiya ɗaya ce, da Yaya ta dawo hannunta ya faɗa. Takan zana fure kamar a tsinka, har ni kaina na ji kishi. Ba a yi wata guda ba aka kawo mata amarya, 'yar maƙwabtanmu, ta yi mata baƙin zane da dayis tun daga yatsu har gwiwar hannu. Aka yi biki, kowa na yabo. Bayan kamar sati guda sai hannun amarya ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ƙuraje masu ruwa suka fito suna bin layin furen nan daidai, kamar da wuta aka zana.

A asibiti ne muka ji abin da ba a gaya wa Yaya ba. Ashe lalle na gaskiya, wanda ake daka ganyensa, ja kawai yake yi, kuma sai an yi awoyi da shi kafin ya kama. Shi wannan baƙin mai kamawa nan da nan, yawanci rinin gashi ne, akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira PPD. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a ɗora shi kai tsaye a kan fata ba. Jikin wasu ba ya nuna komai, na wasu kuwa sai bayan kwanaki yake tashi, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙinsa, to, ta rabu da rinin gashi ke nan har abada. Cikin kwana 14 da Yaya ta yi, an koya mata zane iri-iri, amma ko sau ɗaya ba wanda ya ce da ita ta tambayi mace ko rini ya taɓa ƙona ta. Da ta buga wa malamarsu waya tana kuka, amsar da ta samu ita ce, "Ai jinin yarinyar ne bai karɓa ba." Inna ce ta yafa mayafi ta shiga ba da haƙuri, Baba ya biya kuɗin magani. Hannun ya warke, amma tabon furen yana nan. Lalle ya koma jarfa.

Kada a ce ina kare gadon gidanmu ne kurum, tun da an ce wanzami ba ya son jarfa. Na san ba kowa aka haifa a gidan sana'a ba, kuma yarinyar da ba ta da kakan da zai koya mata ba za a ce ta naɗe hannu ta zauna ba. Sa'an nan su ma na dā ba komai suka sani ba. Da aska ɗaya kakana yake aske mutum goma, ya goge ta a tafin hannu, bai san ƙwayar ciwon hanta tana iya yin kwana 7 da rai a jikin ƙarfe ba. Ma'aikatan lafiya ne suka tara su wata rana suka yi musu bayani, tun daga nan kowane kai da sabuwar rezarsa. To, a nan ne na ga amfanin gajeren kwas. Yini guda ya ishi kakana, domin akwai aikin shekara hamsin a hannunsa da zai ɗora bayanin a kai. Wadda ba ta taɓa riƙe hannun kowa ba fa, a kan me za ta ɗora?

Ko a Ingila da Amurka, inda ake zanen tatu da injin allura, al'adar masu sana'ar ita ce mai koyo ya zauna a shagon gwani shekara guda ko biyu ko fiye, ya fara da shara da tsabtace kayan aiki. Ashe ɗaukar zabira ba ƙauyanci ba ne.

Saboda haka ni ba cewa na yi a rufe wuraren nan ba. Amma takardar da suke bayarwa ta faɗi gaskiya, a rubuta "ta halarci kwas", kada a rubuta "ta ƙware". A ware ko da kwana uku ne a kira ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin fata da abin da ake ɗora mata, kuma sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya riƙa leƙawa ya ga abin da ake kwaɓawa. Bayan haka kowace ɗaliba a haɗa ta da wata gwana ta zauna a hannunta.

Abin da Yaya ta yi ke nan daga baya, ba tare da kowa ya sa ta ba. Takardar shaidar tana ƙasan akwati. Kullum da hantsi takan tafi gidan wata tsohuwa a unguwarmu wadda ta yi wa Inna ƙunshin aurenta. A wasiƙar da ta aiko mini makon jiya ta ce watanta huɗu ke nan tana daka lalle tana tankaɗewa, kuma sai yanzu Iya ta yarda ta yi wa yara ƙunshin ƙafa. Hannun amarya kuwa, ta ce tukuna.