Tsuntsayen Bakin Kwara Da Masu Neman Ƙuri'armu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta magana a kan tsuntsayen bakin Kwara na ƙasar Bagudo. Na san wani zai ce, jama'a na maganar jam'iyyu, wa ya aike shi wurin tsuntsaye? To, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, zai ga maganar guda ce.

Kowa ya sani Kwara takan gangaro ta tsakanin Gaya da Malanbil, ta shigo Nijeriya ta wajen Lolo, ta wuce kusa da Illo, sa'an nan ta nufi Yawuri. In ta yi ambaliya ta janye, sai ta bar fadamu da tafkuna cike da ƙananan kifi da kwaɗi da tsabar ciyawa. Nan ne masaukin zalɓe da balbela da dinya da kirinjijiya. Shamuwa takan zo da farkon damina. Da kaka kuma sai baƙi su iso daga ƙasashen Turai, watau ƙananan agwagi da waɗansu masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo. Sukan ƙetare Sahara, waɗansu su yi hunturu a nan, waɗansu su zarce har bakin teku wajen Ikko da Kwatano, in bazara ta kusa su koma gida su yi ƙwai.

A ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin wadda ake kira Dahomai kafin 1975, akwai babban gandun daji mai suna W, wanda ya haɗa Benin da Nijar da Burkina Faso. An sa masa wannan suna domin Kwara ta yi lauje-lauje a wurin kamar harafin nan. Faransawa suka keɓe shi a 1954. A 1996 UNESCO ta sa yankin Nijar cikin wuraren tarihi na duniya, a 2017 aka haɗa da na maƙwabta. An ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 350 a cikinsa, shi ya sa masu ɗaukar hoto suka riƙa zuwa daga nesa, suna biyan kuɗin shiga da na jagora da na masauki. Amma a watan Fabrairu 2022, nakiyar 'yan bindiga ta kashe mutum tara a yankin Benin, yawancinsu masu gadin daji, baƙi kuwa suka ɗauke ƙafa. Ashe inda tsaro ya lalace, har mai kallon tsuntsu sai ya rasa abincinsa.

To, mu fa a namu gefen? Ku tambayi dattawa yaushe rabonsu da ganin garken gauraka a fadama. Tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya, wanda ake yi wa kirari da tsuntsun Nijeriya, ya kusa ƙarewa a ƙasar nan saboda kamu da sayarwa da busar da fadamu. Ungulu ma, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, a 2015 masana suka sa ta cikin masu gab da ɓacewa daga duniya.

Yanzu mu juya ga shugabanni. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, mun ga mulkin jam'iyyu iri iri. Alhaji Adamu Aliero ya hau a 1999 a APP, Alhaji Sa'idu Ɗakingari a 2007 a PDP, Alhaji Atiku Bagudu a 2015 a APC, Malam Nasiru Idris kuma a 2023 a APC. A watan Mayu 2025 sanatocin jihar duka uku suka bar PDP suka koma APC. Ban ga laifin kowa ba, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Amma fa fadama ba ta sake sheƙa, wanda duk ya hau ita zai tarar, abin da na gabansa ya ɓata kuwa shi zai gada.

Inda siyasa da tsuntsu suka yi karo ƙwarai shi ne gonar shinkafa. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya buɗe shirin ba manoma rance, noman shinkafa ya bunƙasa, fadamu da yawa suka zama gonaki. Wannan alheri ne, ba mai musu. Sai dai shinkafa takan jawo jan-baki, wanda ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, garkensa kuwa kan cinye wahalar shekara cikin 'yan kwanaki. In manoma suka yi kuka, sai hukuma ta aiko da jirgin sama ya yi feshi a makwancinsu da magariba. Matsalar ita ce jan-baki yakan kwana cikin ciyayin bakin ruwa, gubar kuwa ba ta tambayar sunan tsuntsu. Takan kashe na kusa, ta zuba a ruwan da Sarkawa ke su, shaho da shirwa kuma su ci gawa su mutu. A ƙasar Cadi mutane kan kama jan-baki da raga da dare, su soya su kai kasuwa, ɓarna ta ragu, aljihu ya yi nauyi.

Saboda haka ga shawarata guda uku. Ta fari ga samarinmu. Kusan kowane ɗayanku na da waya mai kamara, ranar taron jam'iyya kuwa sai ka ga hannuwa ɗari a sama ana ɗaukar hoton ɗan takara. Ku ba bakin kogi safiya ɗaya cikin mako. Ku sa tufafi marasa haske, ku ba rana baya, ku zauna shiru, kada ku taɓa sheƙa, sa'an nan ku rubuta rana da wuri da sunan tsuntsu da yawansa. Makarantar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke kusa da Jos tana tattara irin wannan labari daga ko'ina cikin Nijeriya, ta raba ƙasar gida gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Amma kada kowa ya shiga daji ko ya matsa kan iyaka sai da sanin mai gari da jami'an tsaro.

Ta biyu ga malaman makaranta. Ku sa yara su tambayo kakanninsu sunayen tsuntsaye da Hausa da Dandanci da Fulatanci da Busanci, a rubuta a littafi tun masu saninsu suna da rai.

Ta uku gare mu duka masu ƙuri'a. In mai neman kujerar Bagudo da Suru, ko ta Kebbi ta Arewa, ya zo gaishe mu, ko wace tuta ya riƙo, mu tambaye shi wace fadama zai keɓe, wa za a shawarta kafin a yi feshi, kuma me zai yi wa masu kamun gauraka. In ya ce bai san akwai su ba, sai mu miƙa masa hoto da lissafi, gama gani ya kori ji.

Iyakar maganata ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu jin shawara, amin.

Ni ne naka,
Akawun Bakin Kwara,
Bagudo.