Nauyin nono ciwo ne, ya kamata inshorar lafiya ta ɗauke shi



Yau zan taɓo maganar da muke jin nauyin faɗa ko a tsakaninmu mata. Akwai 'yan uwanmu da nono ya yi musu girma har ya zama lalura. Wuya na ciwo, baya na ciwo, igiyar rigar mama ta yi musu rami a kafaɗa, ƙarƙashin nonon kuma lokacin zafi sai gumi da ƙuraje, wani lokaci har fata ta saɓule. Wata hannunta ma mutuwa yake yi. Ku duba mai saye da sayarwa a Magama, wadda ke wuni a tsaye da kaya a ka, ko mai shan jijjigar mota zuwa Maraɗi. Da wanne za ta ji? In ta yi ƙorafi a ce ta gode wa Allah, wasu nema suke.

To, likitoci na da aikin da suke yi. Ana sa mace barci, a cire wani ɓangare na tsoka da kitse da fata, a ɗaga kan nonon ya koma daidai. Aikin sa'o'i ne, jinyar makonni. Ba zan ɓoye muku ba, tabo na zama, wata jin kan nononta na raguwa, wata kuma shayarwa na ba ta wuya daga baya. Shi ya sa mai sa ran ƙarin haihuwa ta fara zama da likita tukuna. Ƙwararrun wannan fanni sai manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya.

Na san me za a ce: ai canza halittar Allah ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kan tiyatar gyaran jiki a Malesiya a 2007, ta kuma halatta gyaran nono idan girmansa ya kai ga jawo cuta. Abin da ta hana shi ne a taɓa lafiyayyen jiki don kwalliya kawai. Mai kokwanto ta tambayi malaminta, ta kuma faɗa masa ciwon dalla-dalla.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Inshorar lafiya ba ta biyan aikin kwalliya, wannan aikin kuwa sau da yawa can ake jefa shi. A ganina kuskure ne. Matar da likita ya tabbatar nauyin ne ke karya mata baya, me ya bambanta ta da mai gwaiwa? Mu da muke bin layi mu jefa ƙuri'a rana na dukanmu, muna da bakin cewa hukumar inshorar lafiya ta Jihar Katsina ta saka shi cikin ayyukanta, bisa takardar likita. Shugabanninmu mata na mazaɓu, don Allah a kai maganar gaban 'yan majalisarmu.

Kafin nan, a bar shafe-shafen man da ake tallarsa wai yana rage nono, ba ya ragewa, ɓarnar kuɗi ce. Kuma wadda ta ga nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ko ta ji ƙulli, ko jini na fita, wannan wata magana ce daban. Ta tafi Babban Asibitin Jibiya cikin makon nan a duba ta.

A tura wa sauran mata.