Sayen Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa: Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

An sha yi wa dokokin ƙasar nan kwaskwarima, amma gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a watan Maris na 2023 shi ne ya fitar da sha'anin jirgin ƙasa daga hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi ikon shiga cikinsa. Kafin wannan an riga an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018, da kuma ta Dala a Kano a farkon 2023. Amma tasha irin wannan, idan jirgi ba ya zuwa mata a kan kari, sunanta fili da shinge. Jirgi kuwa ba ya motsi sai da kai. To, a nan gizo ke saƙar.

Sabon kan jirgi mai aiki da man dizal kuɗinsa miliyoyin daloli ne, kuma sai an yi oda an jira. Saboda haka duk wata jiha ko kamfani da ke son ɗaukar kaya a kan dogo, dole hankalinsa ya koma ga na gwanjo. Mu dai a ganinmu wannan ba abin kunya ba ne. A Amurka, bayan dokar da ta sassauta harkar jiragen ƙasa a 1980, ƙananan kamfanoni ɗaruruwa sun karɓi rassan dogon da manyan kamfanoni suka yar, kuma da tsofaffin kawuna suka raya su. Samfurin nan SD40-2, wanda aka fara ƙerawa a 1972, har yanzu ana ganinsa yana jan taragu. Dalili kuwa shi ne an ƙera shi kusan 4,000, kayan gyaransa suna ko'ina, makanikai kuma sun san shi ciki da bai. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an san inda aka ɗebo ta.

Abin da muke gudu shi ne a sayo abin da ba zai hau dogonmu ba. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930, da Maiduguri a 1964, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Sabbin layuka, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Ikko zuwa Badun na 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne. Kan da aka yi domin wannan ba ya tafiya a kan wancan. Na Amurkan da muka ambata na faffaɗan layi ne, nauyinsa kuma ya haura tan 160, ya fi ƙarfin tsofaffin gadojinmu. Mai neman kai domin tsohon layi sai ya dubi ƙasashen da ke da irin dogonmu, kamar Afirka ta Kudu da New Zealand da jihar Queensland ta Ostareliya, inda wasu kamfanonin kudancin Afirka suka riga suka sayo tsofaffi suka gyara.

Kada wani ya ɗauka wannan gargaɗi ya yi yawa. A 2015 aka gano cewa kawunan da hukumar jiragen fasinja ta Afirka ta Kudu ta sayo daga Sifen, ta hannun wani ɗan tsakiya, sun fi tsayin da aka ƙayyade wa layukan ƙasar. Sababbi ne fil, kwangilar kuma ta kai rand biliyan 3.5, daga baya kotu ta soke ta. Idan haka ta faru da sabo a ƙasar da ke da ƙwararrun injiniyoyi, ina ga tsoho a hannun dillalin da la'adarsa kawai yake hange?

Tarihinmu ma ya ishe mu wa'azi. Tun 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya aka kuma kawo kawunan dizal na farko daga Ingila, ba mu daina saye ba. Mun sayo daga Amurka da Jamus da Kanada. An kawo 50 daga ƙasar Sin bayan yarjejeniyar 1995, an kawo wasu 25 ƙirar kamfanin General Electric a 2010. Duk da haka kayan da jirgi ke ɗauka, waɗanda suka kusa tan miliyan 3 a 1964, sun faɗi zuwa wajen miliyan ɗaya a 1974, daga nan kuma manyan motoci suka ƙwace aikin. Kowane samfuri da irin kayan gyaransa, kowane da irin horon da yake bukata. Da ƙaramin abu ya lalace sai a kwance na wani a ɗaura wa wani, har a wayi gari loko ya zama maƙabartar ƙarafa. Rashin kayan gyara da rashin kulawa sun kashe mana kawuna fiye da yadda tsufa ya kashe.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Da farko a ƙirga abin da ke gida. A tura injiniyoyi su bi ma'aikatun gyara na Ebute Metta da Zariya da Inugu, su ware kawunan da za su tashi da waɗanda suka mutu murus, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, in har za a saya, a tsaya a kan samfuri guda, ko biyu in ta yi tsanani, kuma wanda har yanzu ana ƙera kayan gyaransa. Gara goma iri ɗaya da ashirin iri biyar.

Na uku, kada a biya ko kwabo sai injiniyoyinmu, waɗanda za su zauna da abin, sun je sun gani da idonsu. A irin wannan kai, injin dizal ne ke juya janareta, janareta ya ba da wuta ga motocin da ke juya ƙafafu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya sabunta shi, amma idan gangar jikin ta tsage ko tsatsa ta cinye ta, an yi asara. A duba littafin tarihin gyaransa, a tabbatar burkinsa da maƙalarsa sun dace da taragunmu, a kuma gwada shi da kaya a kan layinmu cikin zafin bazara da ƙurar hunturu kafin a cika kuɗi.

Na huɗu, kayan gyara na shekaru da horar da makanikai su kasance cikin yarjejeniyar tun farko. Ga Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri nan a Zariya tun 1986, sai a ba ta wannan aiki. A kuma yi cinikin kai tsaye da mai kaya, a buga farashin kowa ya gani.

Daga ƙarshe muna tunatar da hukuma cewa kan jirgi ba ya gyara dogo. In ba a kula da gadoji da magudanan ruwa ba, ko sabo aka kawo zai kwana a daji. Manomin da ke jiran taki da ɗan kasuwar da kayansa ke kwana a Apapa su ne za su biya kuɗin duk wani kuskure da aka yi. Araha ba ta ado, kuma dukiyar jama'a amana ce a wuyan wanda ya sa hannu.