Layin Da Aka Ja A Landan

Jama'a, duk mai son gane siyasar manyan ƙasashe, ya je Magama Jibiya. A 1906 Ingila da Faransa suka zauna a Landan suka ja layi, Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi hannun Faransa, alhali tsatso ɗaya ne. Ba wanda ya tambayi Bakatsine. Da sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ta sa aka garƙame iyakar har Maris 2024. Wa ya ji jiki? Direbobi, 'yan kasuwa da masu zuwa biki Ɗan Isa. Ni dai a ganina, kafin a sake rufe iyaka, a fara jin ta bakin mutanen Jibiya. Allah ya kyauta.