Askin ƙaramin yaro a gida: ba sai an danne shi ba

Ya ƴan uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu taɓo wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, alhali kusan kowane gida mai yara yana shan fama da shi, wato yi wa yaro aski a tsakar gida tun daga lokacin da ya fara tatata har ya kai shekara 3. Askin ranar suna ba ya ba kowa wahala. Jariri yana kwance a cinya, wanzami ya kwashe sumar, a yi sadaka da nauyinta na azurfa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Nana Faɗimatu, Allah Ya yarda da ita, ta yi wa Hasan da Husaini. Rigimar tana farawa ne bayan yaro ya yi ƙafa, ya yi baki, ya kuma san tsoro.

Duk mun san yadda ake yi. Uba ya matse yaron tsakanin cinyoyinsa, yayansa ya riƙe hannuwa, mai aski yana sauri, yaro yana tsala ihu har numfashinsa ya sarƙe, manya kuwa suna dariya suna cewa ai namiji ne, zai saba. Ba ya sabawa. Askin gaba ya fi na baya tashin hankali. In muka yi adalci ma, mu ne muka shuka tsoron. Da wane ake razana yaro in ya ƙi cin tuwo? Da wanzami. "Bari in kira shi ya yanke maka kunne." To, ranar da aka nufo kunnen nasa da ƙarfe mai kaifi, ko injin aski yana ruri a bayan ƙeyarsa inda idonsa ba ya gani, me muke so ya zata?

Hujjar da iyaye da yawa ke kawowa ta ƙin dakatawa ita ce, wai tunda an fara dole a gama, don addini ya hana barin kai rabi da rabi. Hanin gaskiya ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ƙaza'u, wato aske wani sashe na kan yaro a bar wani. A ruwayar Abu Dawuda kuma ya yi umurni da a aske duka ko a bari duka. Imamu Nawawi ya bayyana cewa hanin na karhanci ne. Sai dai abin da ake nufi shi ne askin da aka tsara da gangan don ya zauna haka, irin tukku da zanko da kakanninmu ke bar wa yara, da wasu aske-asken yayi na yau. A fahimtarmu, askin da aka katse saboda yaro ya firgita, da niyyar ƙarasawa gobe, bai shiga wannan babi ba. A sa masa hula, ya kwana, da safe a ƙarasa. Babu wanda zai ɗauki zunubi saboda dare ɗaya.

Akwai ma wani hadisi da ya kamata mu riƙa tunawa. Bayan Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya bar iyalinsa kwana 3, sannan ya je ya sa aka kawo masa ƴaƴan, ya kira mai aski ya aske musu. Malamai suka ce ya yi haka ne domin mahaifiyarsu tana cikin juyayi, ba za ta sami sukunin kula da kawunansu ba. Aski a can jinƙai ne aka yi wa marayu.

Ta fuskar lafiya kuwa, dannewar ita ce ke jawo yanka, yankan kuma shi ne ƙofar cuta. Maɗigar yaro takan rufe tsakanin wata 12 zuwa 18, ta wasu har kusan shekara 2, saboda haka ba wurin matsawa da tafin hannu ba ne. Abin da ya fi damunmu shi ne reza ɗaya da ake zagaya kan yara huɗu ko biyar da ita a jajiberen salla, har da ƴaƴan maƙwabta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini kwana 7 ko fiye, jinin da ido ba lalle ya gan shi ba. Babban mutum in ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta, amma a cikin yara ƴan ƙasa da shekara 5, kusan 1 cikin 3 takan zauna musu har girma, a jarirai kuwa kusan 9 cikin 10. Allurar riga-kafin da ake yi a sati na 6, na 10 da na 14 tana kare yaro daga gare ta. A duba katinsa a tabbata an cika. Makero ma ta bakin inji da mataji yake yawo daga kai zuwa kai, kuma shafe-shafe kaɗai ba ya kashe na kai, sai likita ya ba da maganin sha na makonni. Don haka kowane yaro da sabuwar rezarsa. Bakin inji a goge shi, a jiƙa cikin ruwan jabel da aka sirka na minti 10, a ɗauraye, a shanya, a ɗiga masa mai.

Mu dai a ganinmu, ga ɗan shekara 2 almakashi mara tsini ya fi reza. Zancen cewa ƙwalƙwal na sa suma ta fito da kauri ba shi da tushe. Kaurin gashi daga saiwarsa yake cikin fata, inda aska ba ta kaiwa. A zaɓi hantsi, bayan yaro ya ƙoshi kuma ya yi barci isasshe. Ya fara kallon ana yi wa babansa ko yayansa. A ba shi matajin ya riƙe, ko injin a kashe ya taɓa. Sannan ya zauna a cinyar mahaifiyarsa yana fuskantar ƙirjinta, a yafa masa zane a wuya, domin ƙaiƙayin gashi kaɗai ya isa ya sa shi zillo. Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma ga ƙaramin yaro gefen kunne ne wurin hatsari. A fara da nan tun haƙurinsa bai ƙare ba, ana lanƙwasa kunnen da yatsa. In layin bai miƙe ba, ba kome, sati 2 ya isa ya ɓoye shi.

In tsautsayi ya sa an yanke shi, kada a ruɗe, fatar kai tana da yawan jini ko da ciwon kaɗan ne. A danna da ƙyalle mai tsabta, ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. In ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko bakin ciwon ya buɗe, sai asibiti. Bayan an gama a yi masa wanka nan take, a shafa man kaɗanya, kada a fesa turare a kan sabon aski. Gashin a share a binne, kamar yadda malamai da yawa suka so. Rezar kuwa a naɗe ta cikin takardarta a jefa masai, don wanda aka yi wa askin shi ne zai fara tsintarta a tsakar gida.