SHARHI: Takunkumin Amurka ya ciji Rasha, amma bai tsayar da yaƙin Yukiren ba

A ranar 22 ga Oktoban 2025, gwamnatin Donald Trump ta ƙaƙaba wa Rosneft da Lukoil, manyan kamfanonin man Rasha guda biyu, takunkumi. Matakin ya zo ne sama da shekara uku da rabi bayan sojojin Vladimir Putin sun kutsa Yukiren a ranar 24 ga Fabrairun 2022. Wannan jinkiri kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa.

Da farko an ɗauka tattalin arzikin Rasha zai durƙushe cikin 'yan makonni. Amurka da ƙawayenta sun riƙe kimanin dala biliyan 300 na ajiyar Babban Bankin Rasha, aka cire wasu bankunan ƙasar daga tsarin hada-hadar kuɗi na SWIFT, sannan Joe Biden ya haramta shigo da man Rasha a watan Maris na 2022. Darajar rubul ta faɗi warwas. Sai gwamnar babban bankin, Elvira Nabiullina, ta ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 20 cikin 100, gwamnati ta taƙaita fitar da kuɗi waje, cikin 'yan watanni rubul ta farfaɗo.

Matsalar tana ga man fetur. Amurka na son rage kuɗin shigar Moscow, amma tana tsoron farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a gidajen mai na cikin gida, inda masu jefa ƙuri'a ke sayensa. Shi ya sa ƙasashen G7 suka ɓullo da dabara a Disamban 2022: a bar man ya ci gaba da fita, amma kamfanonin jiragen ruwa da na inshora na Yamma ba za su taɓa shi ba idan farashin ganga ya haura dala 60. Rasha ta tara tsofaffin jiragen dako masu ɓoye masu su, ta karkata zuwa Chaina da Indiya. Indiya, wadda man Rasha bai kai kashi 2 cikin 100 na ɗanyen man da take saya ba kafin yaƙin, ta koma sayen kusan kashi ɗaya bisa uku daga can. Wani ɓangaren ma an riƙa tace shi a matatun Indiya ana sayar wa Turai.

Tarihi ya riga ya yi gargaɗi. A Janairun 1980, Jimmy Carter ya hana sayar wa Tarayyar Sobiyet tan miliyan 17 na hatsi saboda mamayar Afganistan. Ajantina ta cike giɓin, manoman Amurka suka koka, Ronald Reagan ya janye matakin a 1981. Sojojin Sobiyet ba su bar Afganistan ba sai 1989.

Duk da haka, masu cewa takunkumin aikin banza ne sun yi azarɓaɓi. Bunƙasar kusan kashi 4 cikin 100 da Rasha ta samu a 2023 da 2024 ta dogara ne a kan masana'antun makamai, tankar yaƙi kuwa ba ta ciyar da kowa. Hauhawar farashi ta sa kuɗin ruwa ya kai kashi 21 a Oktoban 2024. Umarnin da Biden ya sa wa hannu a Disamban 2023, wanda ke barazanar hukunta bankunan ƙetare masu taimaka wa masana'antun yaƙin Rasha, ya sa bankuna a Turkiyya da Chaina ja da baya. A ganina, a nan ƙarfin Amurka yake: duk bankin da ke buƙatar dala zai yi nazari kafin ya karɓi kuɗin Moscow.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin rikicin da ba nasu ba. A 2022 Najeriya ta kasa shigo da sinadarin fotash daga Rasha, wanda ake haɗa takin NPK da shi, dole ta nemo shi daga Kanada cikin gaggawa ana dab da damina. A hukumance takunkumin bai shafi abinci da taki ba, amma bankuna da masu jirage sun gwammace su guje wa duk wani kaya na Rasha da su shiga hannun Ma'aikatar Baitulmalin Amurka.