Kuɗi Ɗaya, Wahala Daban-daban: Rashin Aiki a Ƙasashen Yuro

Yau ina so mu ɗan leƙa Turai, mu ga abin da ya sami ƙasashen da suka haɗu a kan kuɗi ɗaya mai suna Yuro sa'ad da rashin aikin yi ya auka musu. Kada wata ta ce wannan zancen maza ne, domin in maigida ya rasa aiki, tukunyar uwargida ce ke fara sani.

Ran 1 ga Janairu, 2002, ƙasashe 12 suka ajiye kuɗaɗensu na gado suka shiga saye da sayarwa da Yuro. Babban bankinsu guda ne, yana birnin Farankfot a Jamus, shi ke yanke yawan ruwan da za a ɗora wa bashi. Da fari abin ya yi daɗi. Ƙasashe irin su Girka da Sifen suka sami rance da araha, a Sifen aka dinga gina gidaje ba ji ba gani, har samari da yawa suka bar makaranta suka tafi aikin gini don akwai kuɗi. To, da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, sai gini ya tsaya cik. Ga yaro ba aiki, ga shi ba takardar shaida. Ɗalibai, ku lura da wannan.

Kafin 2013, lokacin ƙasashen sun kai 17, cikin kowane mutum 100 masu iya aiki, 12 na zaune, wato wajen mutum miliyan 19. Amma wahalar ba daidai aka raba ta ba. A Jamus kamar 5 ne cikin 100. A Sifen sun haura 26, mutum fiye da miliyan 6 ke nan, a Girka kuwa sun kai 27. Fiye da rabin matasan da ke neman aiki a ƙasashen nan biyu ba su samu ba, kuma a Girka abin ya fi taɓa mata, don su sun wuce 30 cikin 100.

Ina laifin kuɗi ɗaya a nan? Ƙasar da ke da kuɗinta, in ta shiga matsi tana iya rage darajarsa, kayanta su yi araha a waje, baƙi su zo su saya, masana'antu su ɗauki ma'aikata. Girka ba ta da wannan dama, don Yuro ba nata ba ne ita kaɗai. Kamar riga ɗaya ce aka ɗinka wa mai jiki da siririya, aka ce kada a rage kada a ƙara. Tun da ba a iya taɓa kuɗin, sai aka taɓa albashi. A watan Mayu, 2010, Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka amince su ba Girka rancen Yuro biliyan 110, bisa sharaɗin ta rage albashi da fansho, ta ƙara haraji. A 2012 aka zabtare kashi 22 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi, na 'yan ƙasa da shekara 25 kuwa kashi 32.

A ganina maganin ya fi ƙarfin mara lafiyar. Wanda aka rage wa albashi ya rage cefane, mai kanti ya rasa ciniki ya sallami yaronsa, gwamnati ta rasa harajin su duka. Arzikin Girka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, bashin da ake so a sauƙaƙa kuwa sai ya ƙara yi wa ƙasar nauyi.

A cikin gidaje fa? A farkon 2013, kusan gida miliyan 2 a Sifen babu mai aiki ko ɗaya. Ma'aurata da 'ya'yansu suka koma gidan iyaye, 'yar fanshon kaka ta zama abincin kowa. Waɗanda suka kasa biyan bashin gida banki ya karɓe, ragowar bashin kuma yana wuyansu. 'Yan mata masu aikin jiyya da aka koyar da kuɗin ƙasa suka tafi Ingila da Jamus. Haihuwa ma ta ja baya: a Girka jarirai kimanin 118,000 aka haifa a 2008, a 2013 kuwa kimanin 94,000. Sauƙi ya zo, amma da jinkiri. A 2024 rashin aiki a yankin ya sauko kusan 6 cikin 100, na Sifen kuwa bai sauka ƙasa da 10 ba a wannan shekara.

Mu ma zancen bai yi mana nisa ba. An daɗe ana shirin kuɗin bai ɗaya na Afirka ta Yamma mai suna Eko, ana ta ɗage ranar fara shi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa tuni suna cikin irin wannan haɗaka: Sefarsu ta ƙasashe 8 ce, babban bankinta yana Dakar, kuma ɗaure take da Yuro, Sefa 655 da 'yan kai a kowane Yuro ɗaya. A Janairun 1994 aka rage darajar Sefa da rabi dare ɗaya, matan Maraɗi da Damagaram suka wayi gari magani da sauran kayan waje sun yi tashin gwauron zabo, alhali kuɗin cefanen da ke hannunsu yana nan yadda yake jiya.